Hakki da Alhaki: Wanda Za a Tuhuma Game da Lafiyar Ƙasashe Masu Tasowa

1. Kalmomi biyu, tushe ɗaya

Hausa ta ari kalma ɗaya daga Larabci ta mai da ita biyu. Ta ɗauko ta tsurarta ta ce hakki, watau abin da mutum ya ke bin wani. Ta kuma ɗauko ta tare da al- ɗinta, kamar yadda ta yi wa alƙali da alƙalami, ta ce alhaki, watau nauyin da ke hawa kan wanda ya danne wa wani hakkinsa. A tunanin Bahaushe ba a raba su, gama ba a kiran abu hakki sai in akwai wanda alhaki zai hau kansa idan an rasa shi. Da wannan ma'auni za a auna batun da a ke yi cewa lafiya hakki ce ta kowane ɗan Adam, musamman inda wanda ya tauye ta ya ke zaune a wajen iyakar ƙasar wanda aka cuta.

2. Abin da aka rubuta

Tsarin mulkin Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda aka tsara a 1946, shi ya fara bayyana cewa samun lafiya gwargwadon iyakar abin da zai yiwu hakki ne na kowa. Sa'an nan sashe na 12 na Yarjejeniyar Hakkokin Tattalin Arziki da Zamantakewa da Al'adu ta 1966, wadda ta fara aiki a 1976, ya mai da maganar doka a kan ƙasashen da suka shiga cikinta. Sashe na 2 kuwa ya ambaci taimako da haɗin kai tsakanin ƙasashe. A shekarar 2000 kwamitin da ke lura da yarjejeniyar ya fassara wannan da cewa wajibi ne ƙasa ta kiyaye hakkin lafiyar mutanen wasu ƙasashe, ta kuma hana waɗanda ke ƙarƙashin ikonta keta shi.

Amma fa kwamitin nan ba kotu ba ne. Ƙwararru ne 18 masu karanta rahoton da kowace ƙasa ta kawo game da kanta, su ba da shawara. Hanyar da mutum zai kai kuka gabansu da kansa sai a 2013 ta buɗe, ƙasashen da suka amince da ita kuwa 'yan kaɗan ne. Amurka ta sa wa yarjejeniyar hannu a 1977, ba ta kuwa tabbatar da ita ta zama doka a kanta ba. Misalai biyu za su nuna abin da wannan giɓi ya kan haifar, ɗaya game da ƙungiyar ƙasashe, ɗaya game da kamfani.

3. Kwalara a Haiti

A watan Oktoba 2010 cutar kwalara ta ɓarke a Haiti, ƙasar da ke tsibiran Karibiyan, watanni tara bayan girgizar ƙasa ta rushe babban birninta. Bincike ya bi sawun cutar har zuwa sansanin sojojin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, waɗanda suka zo daga Nepal. Ƙazantar sansanin ce ta malala cikin wani rafi mai zuba a kogin Artibonite, inda talakawa su ke sha su ke wanka. Mutum fiye da 800,000 suka kamu, kusan 10,000 suka mutu.

A 2011 mutum 5,000 suka nemi diyya. A 2013 Majalisar ta ce ba za ta karɓi kukansu ba. Da aka kai ƙara Amurka, sai kotun ɗaukaka ƙara ta yanke a 2016 cewa yarjejeniyar 1946 ta ba Majalisar kariya daga shari'a a kotun kowace ƙasa. A watan Disamba na wannan shekara Babban Sakatare Ban Ki-moon ya nemi gafarar mutanen Haiti, ya ce nauyi ne na lamiri, bai ce na shari'a ba. An yi alkawarin dala miliyan 400 ta hanyar gudummawa, amma zuwa 2020 abin da aka tara bai kai kashi 10 cikin 100 ba. A nan an san wanda alhakin ke kansa, sai dai babu alƙalin da ke da ikon kiransa.

4. Sanƙarau a Kano

Misali na biyu na gida ne. A 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum fiye da 10,000 a Nijeriya. Cikin wannan hali kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada sabon maganinsa, Trovan, a Kano. Yara kimanin 200 suka shiga gwajin, aka ba rabinsu Trovan, rabi kuma wani magani da aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, 5 daga kashin farko, 6 daga na biyu. Iyaye suka ce ba a bayyana musu cewa gwaji a ke yi ba. Kamfanin ya ce ya nemi yardarsu da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran.

An shigar da ƙara a New York a 2001. Sai a 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta yarda cewa gwajin magani a kan mutum ba da yardarsa ba laifi ne a dokar duniya, ana iya sauraronsa a Amurka. A wannan shekara kamfanin ya yi sulhu da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba. Iyalan farko sun karɓi diyya a 2011, watau bayan shekara 15. Ko wannan ƙofa ma Kotun Ƙolin Amurka ta ƙuntata ta a 2013.

Ɓarnar jinkiri ba ta tsaya kan iyalan ba. Sa'ad da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano a 2003, labarin Trovan yana cikin abubuwan da suka ƙarfafa zargin jama'a, cutar kuwa ta sake yaɗuwa zuwa ƙasashe da dama.

5. Abin da ya rage

Lalle akwai inda aka ci nasara. A 2002 Kotun Tsarin Mulki ta Afirka ta Kudu ta umarci gwamnati ta ba mata masu juna biyu maganin da ke hana jariri ɗaukar ƙwayar cutar ƙanjamau daga uwa. Abin lura shi ne wanda aka tuhuma yana cikin gida, hakkin yana rubuce cikin tsarin mulki, alƙali kuma yana da ikon tilastawa.

Saboda haka abubuwa uku su ke mai da alkawari ya zama hakki: a san wanda a ke bi, a sami inda za a kai ƙararsa, a kuma sami ikon da zai sa ya biya. A cikin gida a kan sami ukun wani lokaci. Da an ƙetare iyaka kuwa, sai a tarar da na farko, a rasa na biyu ko na uku. Hausawa sun ce alhaki kwikwiyo ne, mai shi ya kan bi. A dokar duniya ta yanzu ya kan bi shi har bakin iyakar ƙasa, can a tsai da shi.