Tausa Ba Ta Warkar da Haukan Kare

Sau uku saƙon ya shigo mini cikin mako ɗaya: daga zauren WhatsApp na ƴan unguwarmu a nan Dakoro, daga wani abokin karatu da ke Kornaka, sai kuma daga kawuna, tsohon mafarauci mai karnuka huɗu. Murya ce ta wani da bai faɗi sunansa ba, haɗe da bidiyon wata Baturiya tana murza kunnen kare har ya lumshe ido. Mai muryar ya ce wai Turawa sun gano tausa na warkar da kowane ciwon kare, ba allura, ba kashe ko dala.

Abin da Baturiyar ke yi yana da asali. Sunansa TTouch, kuma wata mai horar da dawaki haifaffiyar Kanada, Linda Tellington-Jones, ta fito da shi a 1983: a ɗora yatsu a kan fata a juya ta a hankali, zagaye ɗaya da kwata. Cewa shafa na kwantar wa kare da hankali, wannan gaskiya ne. A 2003 masu bincike a Afirka ta Kudu sun auna jinin mutane da na karnuka bayan sun zauna ana shafa su, suka tarar sinadarin natsuwa da ake kira oksitosin ya ƙaru a jikin duka biyun. Kawu bai jira Baturiya ba kafin ya san haka. Na sha ganinsa a gindin rumbu bayan an dawo daga daji, yana cire wa karyarsa ƙarangiya a tsakanin yatsu, yana matsa mata cinya, ita kuwa ta miƙe ƙafafu kamar sarauniya.

Sauran da'awoyin da mai muryar ya yi ba su cancanci dogon zance ba. Tausa ba ta kashe kaska, ba ta fitar da tsutsar ciki, karaya kuwa ƙara ta'azzara za ta yi.

Wadda ta hana ni barci ita ce ta ƙarshe. Mai muryar ya ce in ka ga karenka yana dalala, baki a sake, ya ƙi abinci, to damuwa ce ko ƙashi ya maƙale masa; ka zaunar da shi ka murza masa maƙogwaro, ka sa yatsa ka shafa dasashinsa. Ko wane ne wannan mutum, da ya tambayi likitan dabbobi ɗaya kafin ya danna salularsa, da ya yi shiru. Abin da ya zayyana su ne alamun ciwon haukan kare. Mun saba da karen da ke gudu yana cizon duk abin da ya gamu da shi, amma akwai nau'i na biyu, mai shiru: cutar ta shanye naman muƙamuƙi da maƙogwaro, kare ya kasa haɗiye yawu, ya laɓe a inuwa abin tausayi. A cikin wannan yawun ƙwayar cutar take. Ba sai an cije ka ba. Ƙujewa a yatsa ta isa, ko yawun ya fantsama a ido ko baki. Wanda ya yi noma ko ya ja guga a rijiyoyin Tarka ya san hannunmu ba ya rabuwa da tsaga.

Ba kowane kare mai dalala ke da hauka ba. Guba na sa haka, zafin rana ma, wani lokaci ƙashin ne da gaske. Sai dai ido ba ya bambancewa. Ana tabbatarwa ne a ɗakin gwaji, da ƙwaƙwalwar dabbar bayan ta mutu. Kuskure a nan ba ya gyaruwa, domin da zarar alamu sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa da cutar kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma huɗu cikin goma na waɗanda dabbar da ake zargi da cutar ke ciza yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Su ne kuwa za su fara gwada abin da suka gani a bidiyo.

Cutar tana da wayo. Takan yi wata biyu ko uku tana bin jijiya zuwa ƙwaƙwalwa, miki ya warke, kowa ya manta. Shi ya sa tsohuwar al'adar ƙona gashin karen a shafa a cizo take kama da tana aiki: yawancin karnukan da ke cizo lafiyarsu ƙalau, sai gashi ya sha yabo. Wani malami ya tunatar da ni cewa a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Haka ne, amma tsarki daban, ƙwayar cuta daban.

Ban ga laifin kawu ba. Makiyayin da ke can bayan Bermo, ko mafaraucin da karensa ya fara rama, likitan dabbobi ya yi masa nisa, aljihu kuma babu nauyi; in aka ce masa magani na tafin hannunsa, dole ya saurara. Da na kira shi sai ya ce, "Ɗana, karen da na raina ne zai cuce ni?" Na ce, "Kawu, Allah ya ja kwana, in cutar ta hau kansa ba ya gane mai shi."

Karen da ya sauya hali ko yake dalala, a killace shi ba tare da an taɓa bakinsa ba, a nisantar da yara, a sanar da ma'aikatan kiwo. Wanda aka ciza ko aka yaƙusa, ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15 cur, ya tafi likita a ranar a fara masa allurar rigakafi, kar ya tsaya jiran ganin yadda karen zai ƙare. Tun 1885 da Louis Pasteur ya fara yi wa wani yaro ita a Faransa take ceton rai, in an yi ta kafin alamu su fito. Lafiyayyen kare kuma a kai shi a yi masa tasa, sannan a shafa shi yadda ake so.

In muryar nan ta iso salularka, kar ka tura ta gaba. Wanda ya turo maka, kira shi yau ka gaya masa.