Gidan Haidurojin a Sabon Tasha: Lissafin Rana, Ruwa da Masu Saye

Unguwar Sabon Tasha, wadda ke kudancin birnin Kaduna a ƙaramar hukumar Chikun, ita ce ƙofar fita zuwa Kachia, Zonkwa da Kafanchan, kuma a kan wannan hanyar ne matatar mai ta Kaduna, da aka buɗe a 1980, take. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya yi wa matafiyan wannan hanya nauyi, shi ya sa ya dace a tambaya ko haidurojin da aka samar da hasken rana zai iya zama mafita, duk da cewa babu gidan sayar da shi a unguwar a yau.

Haidurojin iska ce marar launi da wari, wadda ba a haƙo ta kamar fetur, sai dai a raba ta da abin da take haɗe da shi. A gidan da ke aiki da makamashi mai sabuntawa, wutar da farantan sola suka samar ce ke shiga na'urar raba ruwa, inda ruwa ke kasuwa zuwa haidurojin da oksijin. Daga nan injin matsewa ke dunƙule haidurojin ɗin cikin tankuna masu kauri, famfo kuma ya ɗura shi a mota da matsin ba 350 ga bas da manyan motoci, ko ba 700 ga ƙananan motoci, inda ba ɗaya ya yi kusan daidai da matsin iskar da ke kewaye da mutum. Saboda iskar tana ɗaukar zafi yayin ɗurawa, a gidajen ba 700 sai an sanyaya ta zuwa digiri 40 ƙasa da sifili. A cikin motar kuwa, wata na'ura ce ke sake haɗa haidurojin da oksijin ta samar da lantarki, kuma ruwa kaɗai ke fita daga salansa.

Inda aikin yake da nauyi shi ne lissafin wuta. Kilo 1 na haidurojin yana cin kimanin lita 9 ta tataccen ruwa da awar kilowat 50 zuwa 55 ta lantarki, wato gidan da zai sayar da kilo 100 a rana yana buƙatar fiye da awar kilowat 5,000, abin da ke neman gonar sola da ta haura megawat 1 da fili mai faɗin kusan hekta 2. Irin wannan fili ba ya samuwa a cikin cunkoson Sabon Tasha, don haka dole a samar da iskar a bayan gari a kawo ta. Hazon hunturu yana rufe faranti da ƙura, gajimaren watan Agusta kuma yana rage haske, alhali na'urar raba ruwa, mai tsadar gaske, ba ta mayar da kuɗinta idan tana kwana a kashe. A nan ne kudancin Kaduna ke da wata dama, domin madatsar ruwa ta Gurara tana da tashar lantarki mai megawat 30, kuma wutar ruwa tana iya cike giɓin dare da na damina.

Tsaro ba abin sakaci ba ne, tunda harshen wutar haidurojin kusan ba ya ganuwa da rana. Fashewar da ta auku a wani gidan haidurojin kusa da Oslo ta ƙasar Norway a watan Yunin 2019, wadda murfin tanki da ba a ɗaure daidai ba ya jawo, ta nuna muhimmancin na'urorin gano yoyo, buɗaɗɗen rufi da horar da ma'aikata.

A Afirka, misali mafi kusa yana Walvis Bay ta Namibiya, inda kamfanin Cleanergy Solutions ya gina gidan haidurojin mai aiki da sola, da nufin ɗura wa manyan motoci da jiragen ruwa. Wannan zaɓi na manyan motoci da jiragen ruwa yana da hujja. Daga wutar da aka zuba wajen samar da haidurojin, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke isa tayoyin mota, yayin da batir ke isar da fiye da kashi biyu cikin uku, saboda haka Keke Napep da babur sun fi dacewa da batir. A Kalifoniya ta Amurka ma, kamfanin Shell ya rufe gidajensa na ƙananan motoci a 2024. Gidan Sabon Tasha zai tsaya da ƙafarsa ne kawai idan tun kafin a aza tubali an ƙulla yarjejeniya da masu bas-bas da manyan motocin dakon citta da masara da ke zirga-zirga kullum tsakanin Kaduna, Kachia da Kafanchan, sannan aka tanadi gida na biyu a Kafanchan domin motar da ta je ta samu abin dawowa.