Mai Turi da Salular da Kamfani Ya Sallama

Jarin mai turi ba shi da yawa a ido. Teburi ne, da laima ko 'yar rumfar kwano, da tsohuwar kwamfutar cinya wadda aka ɗaure murfinta da salatif, sai faifan ajiya biyu ko uku da allon caji mai ramuka rututu. A Birnin Ƙonni za ka samu masu turi a bakin tasha, da gefen kasuwa, da kan hanyar da ta nufi iyakar Illela ta Najeriya. Haka suke a Malbaza da Galmi a bakin babban titin da ya taso daga Yamai ya nufi Maraɗi, haka a Badagishiri cikin yankin Illela ta Nijar in ranar kasuwa ta zo. Sana'arsu ta asali ita ce zuba wa mutane kaya a katin memori: fim ɗin Kano, fassarar Indiya ta Algaita, wa'azi, karatun Alƙur'ani, waƙoƙin kokawa. Amma a 'yan shekarun nan wani aiki ya faɗo musu wanda ba su nema ba, wato jinyar salular da lafiyarta ƙalau amma manhaja ta juya mata baya.

Yadda abin yake zuwa kusan iri ɗaya ne. Dattijo ya sauko daga kan babur, ya zaro waya daga aljihun gaba, ya miƙa.

"Yaro, duba mini wagga. Jiya tana yi, yau ta ƙiya."

"Baba, faɗuwa ta yi?"

"Ko kusa. Ko ruwa ba ta taɓa ba."

Yaron ya danna YouTube. Wani rubutu ya fito yana cewa a sabunta. Ya shiga Play Store, can kuma aka ce sabuwar manhajar ba ta dace da wannan wayar ba. Gilashi garau, batir yana riƙe caji, lasifika tana amo, amma ƙofa ta rufe ta gaba da ta baya. Abu na farko da gwani zai yi shi ne ya gangara can ƙasan saituna ya ga wane Android ne a ciki. Wannan lambar ita ce za ta gaya masa ko akwai magani, ko kuwa haƙuri zai bayar.

Ba a ɓoye ake yin wannan yankan ba, sai dai sanarwar ba ta isowa ƙauyukan Adar. A watan Satumbar 2021 Google ya hana shiga asusunsa daga wayoyin da ke kan Android 2.3.7 zuwa ƙasa. A watan Agustan 2023 ya janye hannunsa daga Android 4.4, wanda ake kira KitKat, kuma a watan Oktoban wannan shekarar WhatsApp ya ce daga Android 5 ne zuwa sama. A 2025 WhatsApp ya sallami iPhone 5s da 6, Chrome kuma ya daina sabunta kansa a kan Android 8 da 9. Wanda ya fi yi wa mutanen karkara zafi shi ne YouTube Go, manhajar da aka ƙera musamman don waya mai ƙaramin ƙarfi da rezo mai rauni. Da ita mutum kan zaɓi girman bidiyo kafin ya sauke, ya kuma tura wa na kusa da shi ba tare da ya ƙona data ba. A watan Agustan 2022 aka fara rufe ta, aka ce kowa ya koma babbar manhajar, wadda ƙaramar waya ke nishi kafin ta buɗe.

Kamfanonin suna da hujjarsu, kuma ba ƙarya ba ce gaba ɗaya: tsohon tsari yana da ɓaraka ta fuskar tsaro, kula da shi kuma yana cin kuɗi. Sai dai lissafin an yi shi ne da mutumin da ke canza waya duk shekara biyu ko uku. A nan, waya sai ta yi hannu uku ko huɗu. Ɗan ci-rani ya sayo ta a Abijan ko Legas ko Aljeriya, ya yi amfani da ita, ya dawo gida da damina ya bar wa matarsa, ita kuma ta ba ƙanenta in wata ta samu. Ranar da ta iso hannun na ƙarshe, a littafin kamfani ta daɗe da zama gawa.

Ba Netflix ne damuwar Ƙonni ba. Tun 2016 ake iya kama shi a Nijar, amma sai da katin banki da rezo mai ƙarfi, kuma ba shi da abin da mutane ke nema. Abin da ake nema yana YouTube: Izzar So, Labarina, tafsirin azumi, kokawar takobi. Yana kuma WhatsApp, inda muryar wanda ke ci-rani ke isowa gida. Tsohuwar da ba ta karatu ta san koren tambarin nan, ta san inda ake dannawa a yi magana. In ya daina buɗewa, zumunci ne ya tsinke.

To me mai turi zai yi? Dabarun hawa-hawa ne. Da farko zai duba kwanan wata, domin tsohuwar waya in an cire mata batir takan koma shekarun baya, kuma da kwanan wata ya karkace shafuka da yawa ba za su buɗe ba. Sau da yawa a nan matsalar take ƙarewa, kuma mai gaskiya ba ya karɓar ko dala a kan wannan. In ba shi ba ne, sai ya shiga taskarsa. Kowane gwani yana da wani lungu a kwamfutarsa inda ya tara tsofaffin zubin manhajoji, kowanne da lambarsa, ya san wanne ne ke tafiya da Tecno ta shekarun baya, wanne ke tafiya da Itel mai ƙaramar ƙwaƙwalwa. Zai goge sabuwar, ya ɗora tsohuwar, ya kashe sabuntawa ta kai-tsaye don kada waya ta je ta jawo wa kanta abin da ba za ta iya ɗauka ba. Wannan yakan yi wata da watanni, har ranar da kamfani zai toshe tsohon zubin daga can nasa ɓangaren. Daga nan sai a koma kallon YouTube ta burauza, a ajiye masa 'yar alama a fuskar waya yadda mai ita zai danna kamar da.

Akwai mataki na sama, wanda ba kowa ke da hannunsa ba: a yi wa waya filashin, a sauya mata tsarin gaba ɗaya da wani wanda ya fi nata sabunta. A nan ne mai turi ke shiga gonar mai gyara, kuma a nan ake asara. In fayil ɗin bai dace da ainihin samfurin wayar ba, ko kuran ya ɗauke ana tsakiyar aiki, sai ta mutu murus, ko ta farfaɗo babu kyamara, ko ta daina ganin layi. Wasu manhajojin kuma da sun gane an taɓa cikin waya sai su ƙi zama. Shi ya sa masu hankali ke cewa da mai waya tun kafin su fara: in ta tashi, ga kuɗina; in ba ta tashi ba, babu rigima.

In duk wannan ya ƙi, sai a dawo gida, wato turi. Nan ma akwai gwaninta. Ba kowane bidiyo ne tsohuwar waya ke iya karantawa ba. Wani sai ka ji murya babu hoto. Dole a matse shi, a mayar da shi ƙaramin MP4, ko 3GP in wayar mai maɓalli ce. Dole kuma a san katin jabu, wanda aka rubuta masa giga 32 a jiki alhali cikinsa bai kai rabin haka ba: zai karɓi kaya kamar gaske, sai an isa gida a ga rabin finafinan sun ƙi buɗewa. Mai turin da ya yi wa mutumin ƙauye haka sau ɗaya ya rasa ƙauyen gaba ɗaya, don labari ya fi babur gudu.

Iyaka ita ce jijiyar sana'ar. Gilashi, batir, bakin caji, katin memori, yawancinsu ta Illela suke shigowa daga Sakkwato da Kano, kuma a Ƙonni ana ciniki da sefa da naira duka. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 an ji jiki. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 abin ya fi muni, don an haɗa rufe iyaka da yanke wutar da Najeriya ke ba Nijar, har zuwa Maris ɗin 2024. Malbaza tana da tashar hasken rana mai megawat 7 tun 2018, amma mai teburi a bakin titi ya fi dogara da ɗan faifan solarsa da batir ɗin mota a ƙarƙashin teburi.

Ba zan wanke masu turi tas ba. Fim ɗin da ake turawa a kan 'yan daloli, wani ne ya zuba dukiyarsa ya shirya shi a Kano, kuma kallon da aka yi a kati ba ya shiga lissafin YouTube balle ya kawo masa kwabo. Wasu manhajojin da ake ɗorawa daga gefe suna zuwa da tallace-tallace masu cinye data, wasu da abin da ya fi talla sharri. Akwai kuma amana: wayar matar aure da hotunanta da saƙonninta tana kwana a hannun saurayi ɗan shekara ashirin. Wannan ne ya sa mata da yawa ke cire kati kafin su aiko yaro da waya. Amma wanda ya rufe YouTube Go, ya kuma ɗaga matakin Android, shi ya kora mutane zuwa teburin nan. Mai shirya fim da ke kukan turi yana da gaskiya, sai dai rabin masu kallonsa ba su da wata ƙofar.

Wani sabon aiki ma ya fito daga ciki. Mai son sayen waya ta hannu yanzu yakan biya ta wajen mai turi kafin ya biya kuɗi, a duba masa. Da, abin dubawa shi ne gilashi da batir da ko an taɓa buɗe ta. Yanzu ana fara tambayar lambar Android, kuma waya mai kyan jiki da ke kan 7 ko 8 tana iya faɗuwa ƙasa da wata mai tsagaggen gilashi da ke kan 12. Dillalan kasuwa sun gane haka, har wasu sun fara faɗin lambar da kansu kafin a tambaye su.