Girafin da Lafiyar Ɗan'adam: Ga Zaƙi Ga Harbi

A shekarar 2004, wasu masana kimiyya biyu a Jami'ar Mancesta ta Ingila, Andre Geim da Konstantin Novoselov, suka riƙa manna salatef a kan girafait, wato baƙin abin nan da ke cikin fensir, suna ɓamɓarowa har suka samu shimfiɗar kabon mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak, wadda tsarinta ya yi kama da saƙar zuma. Wannan shi ne girafin. Saboda sirantakarsa, sai an jera kimanin shimfiɗa miliyan 3 kafin a samu kaurin milimita ɗaya, amma duk da haka ya fi ƙarfe ƙwari, yana kuma ɗaukar lantarki cikin sauƙi. Aikin ya jawo musu lambar yabo ta Nobel a 2010, kuma a 2013 Tarayyar Turai ta ƙaddamar da shirin bincike na shekara 10 a kansa, na kimanin Yuro biliyan 1.

To, sai dai Bahaushe ya ce zuma ga zaƙi ga harbi. A 2012 masu bincike a Jami'ar Edinbura suka nuna cewa faifan girafin, duk da faɗinsa, rashin nauyi kan sa ya kutsa can cikin huhu, kuma ya haddasa kumburi a huhun ɓeraye. A 2013 kuma wani bincike na Jami'ar Brown ta Amurka ya gano cewa kaifafan gefuna da kusurwoyinsa na iya huda tantanin da ya lulluɓe ƙwayar halitta. Akwai kuma hanya ta biyu ta ɓarna: wasu nau'o'insa kan tunzura ƙwayar ta samar da sinadarai masu lalata kayan cikinta, har ta kai ga mutuwa. Irin wannan fargaba ce ta sa hukumar lafiya ta Kanada ta janye takunkumin fuska masu girafin a Afrilun 2021, kafin ta maido da wasu kasuwa a Yulin shekarar bayan ta auna haɗarinsu.

Shin ke nan girafin guba ne? A nan ne harshe ke yi mana zamba. An ce suna linzami ne, amma wannan sunan guda ya ɗaure dangi guda ne na abubuwa mabambanta: akwai mai shimfiɗa ɗaya, akwai mai shimfiɗu da yawa, akwai wanda aka haɗa da oksijin, akwai mai ɗauke da ragowar sinadaran masana'anta. Girman ɓarɓashi, da tsabtarsa, da yawan abin da ya shiga jiki, da ƙofar da ya bi, su ne ke yanke hukunci. Shi ya sa bincike ya nuna cewa fararen ƙwayoyin jini na iya narkar da girafin mai oksijin. Haka nan a 2024 aka wallafa gwajin farko a kan mutane, inda masu sa kai 14 suka shaƙi tataccen nau'insa na awa biyu a Edinbura, ba a kuma ga wata illa ta nan take a huhu ko zuciya ba. Amma fa mai karatu ya lura: awa biyu a ɗakin gwaji daban take da shekara 20 a masana'anta.

Saboda haka kada mu biye wa masu baza jita-jitar nan ta 2021 cewa an zuba girafin a allurar rigakafin korona, domin babu shi a cikinta. Kada kuma mu sakankance da zaƙin bakin 'yan kasuwa. Tarihin asbesto ya ishe mu ishara: an daɗe ana yabonsa a gine-gine kafin a gane yana kashe ma'aikata da cutar daji. Wajibi ne hukumomi su tilasta wa kowane kamfani ya bayyana ainihin nau'in da ya sa a hajarsa, a gwada kowane nau'i shi kaɗai, a kuma kare leburan da ke shaƙar ƙurarsa kullum. Rigakafi dai ya fi magani.