Sabuwar Kwamfuta a Gida: Ba Dannawa Ke Kashe Ta Ba

Wani kawuna, tsohon malamin firamare da ya yi ritaya, ɗansa ya aiko masa da kwamfutar tafi-da-gidanka daga Legas. Da na je gaishe shi bayan sallah, sai na tarar an naɗe ta da zanen Goggo an ɗora a saman kabad, wata huɗu ba a kunna ta ba. Na ce, "Kawu, ai wannan ba kayan lefe ba ce, don aiki aka sayo ta." Ya ce, "Kai yaro, ka san kuɗinta kuwa? In na danna abin da ba shi ba ta lalace, da wane ido zan dubi ɗan'uwanka?" A ranar kuma, da jikansa ya sauko da ita, sai ya jona ta kai tsaye da wutar ƙaramin janareto, ya cusa mata filashin da ya dawo da shi daga shagon buga takardu, ya baje ta a kan katifa. Babu wanda ya ce masa uffan.

Haka abin yake a gidaje da yawa. Abin da ba ya cutar da na'urar shi ake tsoro, abin da ke kashe ta kuwa ana yinsa hankali kwance.

Da wuya ƙwarai danna maɓalli ya lalata kwamfuta. In ka goge rubutu bisa kuskure, ka danne Ctrl ka taɓa Z, zai dawo. In ka goge fayil, yawanci kwandon shara ya tafi, wato hoton kwandon nan da ke kan allo, kuma yana nan har sai ka zubar da shi da kanka. Kafin ta aikata wani babban abu, na'urar takan tambaye ka ko ka tabbata. In ba ka gane tambayar ba, ka ce a'a. Abu guda da nake so hannunka ya saba da shi tun ranar farko shi ne Ctrl da S, wato adana aiki, domin a ƙasar da ake ɗauke wuta babu sallama, wanda bai adana rubutunsa ba ya yi aikin baban giwa.

Mu koma baya kaɗan, zuwa ranar saye. Mafi yawan kwamfutocin da muke kira sababbi a gidajenmu tokumbo ne, an yi aiki da su a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso kasuwanni irin na titin Beirut a Kano ko Computer Village a Ikeja. Wannan ba aibu ba ne. Tsohuwar Dell ko HP ko Lenovo ta ofis sau da yawa ta fi sabuwa mai araha ƙarko. Sai dai kada kalmar "Core i7 ce" ta ruɗe ka, domin akwai tsohuwar i7 da sabuwar i5 ta fi ta ƙarfi. Ka sa a buɗe maka Settings, sannan System, sannan About, ka karanta da idonka. Lambar da ke bayan ɗan layin ita ke faɗin shekarun na'urar: i5-6300U zubi na shida ce, i5-8250U kuwa zubi na takwas. Bambancin yana da muhimmanci, saboda Windows 11 a hukumance daga zubi na takwas na Intel yake farawa, kuma 14 ga Oktoban 2025 ita ce ranar da kamfanin Microsoft ya tsayar don daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum. Na'urar da ta tsaya a Windows 10 ba za ta daina kunnuwa ba, amma ta zama gidan da aka sallami maigadi. Ka nemi mai RAM 8GB, da ma'ajiya irin ta SSD, wadda ta fi tsohon faifai mai juyawa sauri da jure jijjiga. Kuma ka sa a zare caja tun a shago, ka zauna ka ga yadda batir ke sauka. In mai kaya ya ce sauri yake yi, kai ba sauri kake ba.

Babbar abokiyar gabar kwamfuta a ƙasar nan wutar lantarki ce. A ƙa'ida volt 230 ne ƙarfin wutar gida a Najeriya, amma kowa ya san yadda take zuwa: yau rabi, ƙwan fitila ja kamar garwashi, gobe ta zo da ƙarfin da zai ƙone talabijin uku a layi ɗaya. Lokacin da ya fi haɗari shi ne daidai sa'ad da yara suka yi ihun "NEPA!", domin a wannan 'yan daƙiƙun ne wutar kan yi tsalle. Saboda haka, in an ɗauke wuta ka zare caja daga bango, in an dawo da ita ka dakata 'yan mintuna kafin ka mayar. Haka in an tada janareto, a bari ya daidaita tukuna, kuma a zare kafin a kashe shi. Da damina, in hadari ya haɗu ana tsawa, a cire komai daga soket.

Mai laftof yana da ɗan sauƙi, don batirinsa kan riƙe shi, kuma cajarsa kan karɓi wuta daga 100 zuwa 240, kamar yadda za ka gani a rubuce a jikinta. Mai kwamfutar tebur kuwa UPS wajibi ce a gare shi. Aikinta ba ta ba ka wutar kallon fim ba ne, 'yan mintuna take ba ka ka adana aiki ka kashe na'urar ta hanyar da ta dace, wato ta inda aka rubuta Shut down. Sitabilaiza ma tana taimakawa inda wuta ke yawan hawa da sauka. In caja ta ƙone, kada ka ɗauki kowace ce don kawai bakinta ya shiga ramin. Ka duba lambobin da ke jikin tsohuwar, ka nemi mai irinsu. Cajar jabu ta kashe na'urori da yawa, araha kuwa ba ta ado.

Sai zafi da ƙura. A ƙarƙashin laftof da gefenta akwai kafofin da take shaƙar iska, ciki kuma akwai ɗan fanka. In ka ɗora ta a kan katifa ko filo ko darduma mai gashi, ka toshe mata hanci. A watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, wannan ya isa ya sa ta riƙa mutuwa da kanta. A ɗora ta a kan tebur ko faifan katako. Da hunturu a rufe ta da ƙyalle bayan an kashe, ba lokacin da take aiki ba. Kofin shayi da kunu da zoɓo su yi nesa da ita. In tsautsayi ya sa wani abu ya zube mata, a kashe nan take, a zare caja, a kife ta, kuma kada a sake kunnawa don a ga ko tana yi. Wannan gwajin ne yakan ƙarasa ta.

Yanzu ga inda na fi son mai karatu ya nutsu. Al'adarmu ce in an sayi kwamfuta a kai wa mai gyara a ce, "Loda mini komai da komai." Shi kuma sai ya zuba manhajoji talatin, mafi yawa na sata waɗanda aka fasa musu makulli, kuma don su shiga sai ya kashe Microsoft Defender, wato maigadin da ke zuwa tare da Windows kyauta. Sau da yawa ba ya tuna ya mayar da shi. Ka dawo gida kana murna an cika maka na'ura, alhali ba ka san abin da aka cuso tare da kayan satar ba. Garin neman gira an rasa ido ke nan. Mai koyo ba ya buƙatar abin da ya wuce manhajar shiga intanet, da ta rubutu, da ta karanta PDF, da ta kallon bidiyo. In kuɗin Microsoft Office ya yi maka yawa, akwai LibreOffice, kyauta ce kuma halal, tana buɗe takardun Word da Excel. Ka shiga Windows Security da kanka ka tabbatar alamomin sun nuna kore.

Filashi kuma shi ne ƙudan da ke yawo da cuta daga kwano zuwa kwano. Kwamfutar shagon buga takardu tana karɓar filashin mutane da yawa a wuni, don haka abin da ɗaya ya kawo kowa sai ya kwasa. Wadda ta fi addabar ɗalibai ita ce mai mayar da fayiloli su zama wasu gumaka masu 'yar kibiya a gindi. In ka ga haka kada ka danna su, don dannawar ce ke sakin cutar cikin na'urarka. Kuma kada ka yi gaggawar wanke filashin: yawanci fayilolin suna nan, ɓoye su aka yi, wanda ya san aiki zai fito da su. Mafi sauƙi, ka mayar da takardarka PDF ka tura wa mai shagon ta imel ko WhatsApp, filashinka ya yi zamansa a gida.

Na san dalilin da ya sa mutane ke kashe sabuntawar Windows: tana shan data kamar raƙumi ya samu rijiya. Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, sabuntawar kuwa yaɓe ce. A watan Mayun 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, tana neman fansar dala 300 a kan kowace na'ura, har asibitoci a Ingila suka soke ganin marasa lafiya. Abin takaici, Microsoft ya riga ya fitar da maganin wannan kafar tun watan Maris, waɗanda abin ya shafa ba su sabunta ba ne. In data ce matsalar, akwai wurin da ake kira Metered connection a cikin saitin intanet. In ka kunna shi, Windows zai rage jan manyan kaya da kansa. Sannan ka ware rana guda a wata ka sabunta, da datar dare mai rahusa ko a inda ka samu wifi.

Kwamfutar gida ta kowa ce, amma bai kamata ƙofa ta zama ɗaya ba. Maigida ko uwargida su riƙe babban asusu mai ikon saka manhaja, a buɗe wa yara nasu wanda ba shi da wannan iko. A ajiye na'urar a falo inda ido ke kaiwa, ba a ƙuryar ɗaki ba. Kalmar sirri kada ta zama 1234 ko shekarar haihuwa ko lambar waya. In kana tsoron mantuwa, rubuta ta a littafi ka kulle a akwati. Akwai kuma wata magana da ba a cika yi ba: kafin a kai na'ura gyara ko a sayar da ita, a tuna hotunan iyali da ke ciki, na biki da na cikin gida. A kwashe su, a fita daga imel da Facebook, in da hali a tsaya a yi gyaran a gabanka.

'Yan damfara ba su da buƙatar fasa na'urarka in za su iya sa ka buɗe musu da hannunka. Wani lokaci allo zai cika da jan rubutu da ƙara, wai kwamfutarka ta kamu, ka kira wata lamba ko ka sauke wata manhaja. Ƙarya ce, shafin intanet ne kawai, rufe shi. Wani lokaci saƙo ne na ɗaukar aiki ko tallafin gwamnati, ana neman BVN da NIN da lambobin katin banki. Bankinka ba zai taɓa tambayarka PIN ko lambar OTP da aka turo maka ba, ko ta waya ko ta imel. Duk wanda ya tambaya ɓarawo ne, ko da ya kira cikakken sunanka, ko da ya yi maka sallama da Hausa mai daɗi.

Duk abin da rashinsa zai sa ka kuka, kada ya zauna a wuri ɗaya. Takardun fili, kundin kammala karatu, lissafin shago, a yi musu kwafi a wata ma'ajiya ta daban, a kuma ɗora a Google Drive, inda duk mai Gmail ke da 15GB kyauta. Na'ura kan mutu, ɓarawo kan haura katanga, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Wani ɗan abu da ke faranta mini rai: Windows yana da allon rubutun Hausa. A shiga wurin saita harshe a ƙara Hausa, sai a samu ɓ da ɗ da ƙ. Daga nan ba ka da hujjar rubuta baki alhali baƙi kake nufi, ko kafa a wurin ƙafa.

Ga iyaye kuma, tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. Yaron da bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai a zauren jarrabawa, yana faɗa ne da tambayoyi da na'ura a lokaci guda. A bar yara su taɓa, mata da maza, kada ta zama kayan babban yaya shi kaɗai. Uwargida ma ta zauna ta koya, ita ce ke wuni da su.

Kawu dai yanzu da yatsu biyu yake buga rahoton taron kwamitin masallacin unguwarsu, kuma shi ke tsawata wa jikan in ya ga filashin waje. In akwai irin tasa a naɗe a saman kabad ɗin gidanku, a sauko da ita yau a sa mata caji, domin batirin da ya daɗe babu caji yakan mutu ko ba a taɓa shi ba.