Batir Ɗaya Ba Ya Ɗaukar Gida

Sau uku saƙon nan ya shigo wayata cikin mako guda. Na farko a zauren WhatsApp na 'yan uwanmu na Balan, na biyu daga wani abokin karatuna da ke koyarwa a Ajingi, na uku kuwa murya ce, wani saurayi yana ta zuba kamar mai tallan maganin basir ranar kasuwa. Wai wani kamfani ya kawo tallafin sola na gwamnati don mutanen Gaya da Ajingi: inbata 5kVA, batir ɗaya mai lamba 200Ah, da faranti biyu na wat 300. Wai za su ɗauki firiza da fankoki da talabijin har da dutsen guga, dare da rana, da garantin shekara 25. A tura rabin kuɗin yau a matsayin kafin alƙalami, domin an kusa hana shigo da kayan sola ƙasar nan. A ƙarshen saƙon babu adireshin shago, sai lambar asusu da sunan mutum ɗaya.

Kafin magariba zauren ya rabu biyu. Masu zumuɗi suna tambayar yadda za a biya, masu tsoro kuma suna kawo nasu labarin. Na masu tsoro ba zai ci lokaci ba. Farantin sola ba ya kawo ciwon daji. Gilashi ne da silikon cikin firam ɗin alminiyam, hasken rana kawai yake sha. Ba ya kiran aradu fiye da kwanon da aka ɗora shi a kai, ko da yake ya kamata a haɗa shi da ƙarfen da aka kafa a ƙasa. Masu cewa ba ya aiki da hunturu suna da rabin gaskiya, don hazo da ƙura suna rage masa ƙarfi, amma tsumma mai laushi da ɗan ruwa da sassafe suna dawo da abu mai yawa.

Maganar hana shigo da kaya tana da tushe. A watan Maris na 2025 Ministan Kimiyya na lokacin, Uche Nnaji, ya ce gwamnati na shirin hana shigo da faranti daga waje. To amma furucin minista ba dalili ba ne na tura wa baƙo kuɗi kafin gari ya waye. Duk mai kayan da ya hana ka kwana da shawara, akwai abin da ba ya so ka gano da safe. Tallafin ma akwai shi: a watan Disamba na 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES, wanda Hukumar Samar da Wutar Lantarki a Karkara, REA, ke gudanarwa. Sai dai kuɗin yana bi ta hannun kamfanonin da aka tantance ne, don su kai wuta ga jama'a da sauƙi. Ba shiri ba ne da ake shiga ta hanyar tura kuɗi asusun wani mutum da ba a san ƙofar gidansa ba.

Duk wannan bai dame ni ba kamar alkawarin batir ɗaya. Shi ne ke cin dukiyar mutane, kuma yana ci ko da mai kayan ya zo ya haɗa, bai gudu da kuɗin ba.

Lambar 5kVA da ake kurara wa mutane faɗin bakin famfo ce kawai. Tana nuna yawan wutar da za ta iya fita lokaci guda. Batir shi ne randar, faranti kuma shi ne ɗan garuwan da ke cika ta da rana. Ka sa wa ƙaramar randa famfo mai ƙaton baki, ba ka ƙara ruwa ko moɗa ɗaya ba. To mu auna randar. Batir mai bolt 12 da lamba 200Ah, ka ninka 12 da 200, ka sami 2,400. Wato yana ɗauke da abin da zai kunna wat 2,400 na awa ɗaya, ko wat 240 na awa goma. Amma batir mai ruwa, irin wanda aka fi sayarwa, ba a so a sha fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. Saura 1,200. Inbata ita ma tana cin nata kason wajen juya wutar, kusan kashi ɗaya cikin goma. Abin da ke hannunka da dare bai fi dubu da 'yan kai ba.

Yanzu ɗauki fankar sama, wadda ke cin wajen wat 70. Guda biyu, daga sallar isha zuwa asuba, a ce awa tara: 1,260. Randa ta ƙare ke nan, ba a kunna ƙwan fitila ko ɗaya ba, ba a sa waya caji ba. Firiza kuma a zafin Kano takan sha dubu ɗaya ko fiye a yini. Dutsen guga shi kaɗai wat dubu ne. Farantai biyun, in lambarsu ta gaskiya ce, a awa biyar na rana mai ƙarfi za su kawo dubu uku a takarda, dubu biyu da ɗoriya a zahiri, don zafi da ƙura da wayoyi duk suna rage wani abu. Lambar da ke bayan faranti a yanayin digiri 25 aka auna ta, ba a kan kwanon Balan a watan Afrilu ba. Kuma ga abin da ya tona asirin saƙon gaba ɗaya: yawancin inbata 5kVA bolt 48 suke buƙata, wato batir huɗu a jere. Wanda ya haɗa ta da batir ɗaya mai bolt 12 a talla, ko dai bai taɓa riƙe filaya ba, ko kuma lambar da ke jikin inbatar ƙarya ce. Ko da a ce batirin litiyam ne, wanda ake iya shan kusan dukkansa, dubu biyu da ɗari huɗun nan ba za ta riƙe firiza da fankoki da guga ba.

Ba a takarda kaɗai na san wannan ba. Wata innata mai sayar da ƙanƙara da zoɓo ta ɗauki adashe, ta haɗa da kuɗin raguna biyu, aka haɗa mata irin wannan kaya. Makon farko murna. Daga nan kullum ƙarfe ɗayan dare inbata ta fara kuka, wuta ta ɗauke, ƙanƙara ta narke kafin safe. Batirin da ake tatsewa ƙarƙaf kowane dare ba ya kai shekarun da ya kamata. Nata ko shekara bai rufa ba. Da ta kira mai haɗawa sai ya ce, “Hajiya, ai ke kika yi masa lodi.” Lodin da shi da bakinsa ya ce zai ɗauka. Ta tuna masa garantin shekara 25, ya ce ai na faranti ne. A nan kam bai yi ƙarya ba. Masu ƙera faranti ne ke ba da wannan alkawari, cewa bayan shekara 25 zai riƙa ba da kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa. Bai shafi batir ba, bai shafi inbata ba, alhali su ne ke fara mutuwa.

Ban ga laifin wanda ya yarda ba. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, janareta ya zama abin kallo a gidaje da yawa. A watan Oktoba na 2024 Arewa ta yi sama da mako guda cikin duhu. Mutumin da yaransa ke kwana a tsakar gida saboda zafin bazara, in aka ce masa ga mafita da araha, dole ransa ya biya. Kuma batir ɗaya ba abin rainawa ba ne: zai ba ka fitilu, da cajin waya, da fanka mai cin wuta kaɗan, da ɗan kallon labarai, ya daɗe yana yi. Wanda nake jin haushi shi ne mai ilimin da ya karanta saƙon, ya ga babu shago babu suna, ya danna turawa ga dattawan da suka yarda da shi, har ya ɗora da “Allah ya ba mai rabo sa'a.”

Mai haɗa sola na ƙwarai yana da sauƙin ganewa, domin shi ke fara yi maka tambaya. Zai shigo gidan, ya ƙirga fankoki da fitilu, ya duba bayan firiza, ya tambayi awa nawa kowanne ke aiki, ya hau ya ga inda inuwar darbejiya ke faɗawa da la'asar. Sau da yawa zai gaya maka abin da ba ka son ji, cewa kuɗinka ba za su ɗauki firiza ba. Hukumar NEMSA tana ba masu aikin wuta takardar shaidar ƙwarewa, kuma ba laifi a nemi gani, amma a ƙauye akwai shaidar da ta fi takarda: ya nuna maka gidan da ya yi wa aiki shekara biyu da suka wuce, ka je kai kaɗai ka tambayi matar gidan ƙarfe nawa wuta ke ɗaukewa. Gani ya kori ji.

Kayan ma suna faɗin gaskiya in an taɓa su. Batir 200Ah mai ruwa ya fi buhun siminti nauyi. Wanda yaro ya ɗauko da hannu ɗaya, lambarsa ado ce. Farantin wat 300 ya kai kusan mita ɗaya da rabi a tsawo da kusan mita ɗaya a faɗi. A duba akwai fis ko abin katse wuta tsakanin batir da inbata, a duba kaurin waya, domin siririyar waya kan yi zafi har ta kama da wuta. Kada a ajiye batir mai ruwa a ɗakin kwana, yana fitar da iska mai kamawa da wuta lokacin caji, kuma ruwan batir ake zuba masa, ba na rijiya ba. A rubuta a rasit sunan kowane kaya da lambarsa da watannin garantinsa daban-daban, a kuma riƙe wani abu cikin kuɗin aiki sai wuta ta kwana ta wuni.

Kawu, kai da ka fara turo mana saƙon, na san da kyakkyawar niyya ka yi. Don Allah ka koma zauren ka ce kada kowa ya tura kuɗi. Wanda kuma ya riga ya tura, ya ajiye shaidar biyan, ya je bankinsa da ofishin 'yan sanda na Gaya yau, kada ya bari sai bayan Juma'a.