Fita Waje Da Wadatar Zuci: Kira Ga Matasan Gwarzo Da Kabo

Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi magana da 'yan uwana na Gwarzo da Kabo game da fita ƙasashen waje, wadda ta zama hirar kowace majalisa tun daga Getso har Garo.

Jama'a, fita iri biyu ce: akwai mai fita ya samo, akwai mai fita ya bayar. Ta biyun ce ba a cika ba mu labarinta ba. Tun shekarar 1987, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, Nijeriya ta kafa shirin TAC, wanda ke tura malaman makaranta da likitoci da nas-nas aikin sa-kai na shekara biyu a ƙasashen Afirka da wasu tsibirai na nesa.

Wani maƙwabcina malamin sakandare ya tafi Gambiya a wannan shiri. Da ya dawo mun zaci zai cika mu da labarin dala, sai ya ba mu labarin ɗaki ɗaya, katifa, buta, risho da keke. Ya ce mutanen ƙauyen manoman gyaɗa ne kamar iyayenmu na da, kuma da azumi kowane gida sai ya aiko masa da kwanon buɗa-baki. A can ya riƙe sallar jam'i sau biyar, ya kuma sauke Alƙur'ani, abin da neman abin duniya ya hana shi a gida. Ya ce mini, "Wallahi maƙwabci, ban taɓa barci mai daɗi irin na ɗakin nan ba, don ba wanda nake gasa da shi."

Ni ma na ga irin wannan da idona wajen 2008, lokacin da nake kai kaya Maraɗi ta hanyar Jibiya. A ƙauyukan can akwai samari da 'yan mata na ƙungiyar Peace Corps ta Amurka, wadda ta yi aiki a Nijar daga 1962 zuwa 2011. Sun baro ƙasar da yaranmu ke mafarki, suna kwana a ɗakin ƙasa ba lantarki, suna jan ruwa a rijiya, suna shan fura, suna ciniki da Hausa a kasuwa.

To, mu dubi ɗaya fitar. A watan Oktoban 2013 an tsinci gawar mutum 92, yawancinsu mata da yara, a hamadar arewacin Nijar, bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya ƙishirwa ta kashe su. Amma har yau ana samun yaro ya matsa wa mahaifinsa a sayar da gonar gado don a haɗa masa kuɗin Agadas da Libiya. Kwaɗayi mabuɗin wahala!

Ba ina cewa a naɗe hannu ba ne. Kakanninmu fatake har Gwanja suka je sayen goro. Kuma ni manomi ne, na san yadda taki da kuɗin mota suka yi tsada tun da aka cire tallafin man fetur a 2023. Sai dai wanda zuciyarsa ba ta ƙoshi a Kabo ba, ko Makka ka kai shi ba za ta ƙoshi ba.

Saboda haka ina kira ga iyaye kada su yarda a sayar da gona saboda tafiyar da ba takardu. Limamanmu su riƙa jan hankali a kan wadatar zuci a huɗubar Juma'a. Masu ilmi a cikinmu su nemi shiga shirin TAC. Sauranmu kuma mu farfaɗo da aikin gayya, mu gyara rijiya da ajin firamare na ƙauyukanmu, domin guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Allah Ya ba mu wadatar zuci, Ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.

Naku mai karatu a kullum,
Wani manomi kuma ɗan tireda,
Gwarzo, Jihar Kano.